LAFIYA UWAR JIKI: Abin da Hoton Ciki Ke Gani Kafin a Yi Aman Jini



Akwai wata irin mutuwa wadda da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa ganin irinta ba. Magidanci ne ɗan shekara arba'in ko ƙasa da haka, yana nomansa ko kasuwancinsa, ba a san shi da jinya ba. Ran nan ya ci tuwon dare ya kwanta, can tsakar dare ya farka da tashin zuciya, ya yunƙura ya yi amai, sai ga jini guda-guda har ya kusa cika kwano. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti ya galabaita. In da sauran kwana, a ƙara masa jini ya farfaɗo. In kuwa wa'adi ya cika, da hantsi a yi masa sutura. Daga nan sai zance ya tashi a wurin zaman makoki. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce guba aka sa masa a abinci, wata ta ce ai tun dā ba ta yarda da amaryar nan ba. Zumunci ya kan yi shekaru bai gyaru ba saboda irin wannan zargi.

Alhali kuwa sau da yawa babu wanda ya yi wa mamacin kome. Wata jijiya ce ta fashe a ƙarshen bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi, kuma ta yi shekaru tana kumbura kaɗan-kaɗan ba wanda ya sani. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan mako shi ne, alamun wannan haɗari ana iya ganinsu tun da sauran nisa, da na'urar nan ta hoton ciki da ake kira sikanin, wadda matanmu masu juna biyu suka riga suka saba da ita.

Ƙofar kwastan ta jiki

Kafin mu fahimci abin da na'urar ke gani, sai mu san yadda Allah ya tsara wurin. Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta a jikin babban mutum wajen kilo ɗaya da rabi. Yawancin abin da mutum ya ci ko ya sha, bayan hanji ya tsotse shi, ba ya wucewa kai tsaye zuwa zuciya. Jinin hanji da na tumbi da na saifa suna taruwa cikin wata babbar jijiya guda ɗaya, mai tsawon kamar santimita 8, wadda ke shiga hanta ta ƙasa. Ita ce za mu kira jijiyar ƙofar hanta. Kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta nan yake biyowa, a wajen lita ɗaya cikin kowane minti.

Watau hanta kamar ofishin kwastan take a bakin iyaka. Kusan kowane kaya sai ya bi ta gabanta an bincika, a ajiye mai amfani, a ƙwace mai cutarwa, sa'an nan a buɗe hanya jini ya wuce zuwa zuciya. Lafiyayyiyar hanta tana da taushi kamar soso, jini na ratsa ta ba tare da wahala ba. Amma idan ciwo ya daɗe yana cinta, sai tabo ya maye gurbin tsoka, ta taurare, ta yi ƙuraje-ƙuraje, hanyoyin cikinta su ƙuntace. Wannan shi ne ƙandarewar hanta, wanda likitoci ke kira sirosis. To, jini bai fasa zuwa daga hanji ba, ga ƙofa kuma ta matse. Sai ya taru a baya, matsinsa ya hau. Wannan shi ne hawan jinin ƙofar hanta. Kada a haɗa shi da hawan jinin nan da ake aunawa a dantse, domin mutum na iya samun awon dantse daidai, alhali jijiyar cikinsa na neman fashewa. A ma'aunin likitoci, bambancin matsi tsakanin mashigar hanta da mafitarta bai kamata ya wuce 5 ba. In ya kai 10, jijiyoyi na fara kumbura. Daga 12 zuwa sama kuwa, suna iya fashewa.

Kowa ya san abin da ke faruwa idan layin motoci ya yi tsawo a bakin iyaka: sai a shiga neman hanyoyin fasa-ƙwauri. Haka jini ke yi. Sai ya kutsa cikin ƙananan jijiyoyin da ba a yi su don ɗaukar babban kaya ba, ya kewaye hanta. Mafi haɗarinsu su ne na ƙarshen bututun abinci, domin fatarsu siririya ce. Har ila yau, jinin da ya bi ta bayan fage ba a tace shi ba, saboda haka dattin hanji ya kan kai ga ƙwaƙwalwa. Sai a ga mutum yana barci da rana yana ido biyu da dare, yana ruɗewa, yana magana ba kan gado, har a ce iskoki ne suka taɓa shi.

Me ke toshe ƙofar?

A ƙasarmu babban mai laifi shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 15 da 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, nau'in C kuma kashi 1.1. Yawancinsu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, kuma ba su sani ba, domin ciwon na iya yin shekara ashirin ko talatin ba tare da ko shawara ta fito a ido ba. Bayan wannan akwai giya, ko ta kwalba ko burkutu. Akwai kitsen da ke taruwa a hantar masu ƙiba da masu ciwon sukari. Akwai kuma tsargiya ta hanji, wadda za mu dawo kanta. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin hanta fuska ba ta ba da shi sai ya yi nisa.

Abin da mai hoto ke nema

Na'urar sikanin ba ta aiki da hasken nan na hoton ƙashi. Wani amo take aikawa cikin jiki wanda kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwarsa, ta mai da shi hoto, kamar yadda jemage ke gane hanyarsa cikin duhu. Wani likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta wajen duba ciki a 1958. Babu allura, babu zafi, ana kuma iya maimaitawa ko sau nawa. Idan ana zargin hawan jinin ƙofar hanta, abubuwa shida mai hoto ke bi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ita kanta hantar. Lafiyayya bayanta sumul yake, cikinta bai ɗaya. Wadda ta ƙandare kuwa gefenta ya kan yi gargada kamar bayan kada, cikinta ya yi tsakuwa-tsakuwa, ɓangaren dama ya motse, na hagu da wani ƙaramin ɓangare na baya su ƙara girma.

Na biyu faɗin jijiyar ƙofa. Idan mutum na kwance yana numfashi a hankali, faɗinta bai cika wuce milimita 13 ba. In ta zarce haka, alama ce jini na cunkushe a ciki. Lafiyayyiyar jijiya kuma ta kan ƙara buɗewa idan mutum ya ja dogon numfashi. Wadda ta riga ta cika taf ba ta da sauran wurin buɗewa, sai a gan ta tsaye ƙyam.

Na uku gudun jinin da kuma inda ya dosa. A nan ake amfani da wata hikima da masanin nan na ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842. Wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ya san ƙarar odar babbar mota daban take idan tana tahowa, daban kuma idan ta wuce. Da irin wannan sauyin amo na'urar ke gane ko jini tahowa yake ko tafiya, ta shafa wa mai tahowa ja, mai tafiya shuɗi, ta kuma auna saurinsa. A jijiyar ƙofa jini ya kan yi gudun santimita 15 zuwa sama a daƙiƙa guda. Idan hanta ta taurare sai gudun ya ragu. In abin ya tsananta sai ya riƙa kai da kawowa, daga bisani ya juya gaba ɗaya, ya riƙa fita daga hanta maimakon shiga. Kogi ya koma gudu zuwa mafarinsa ke nan, kuma wannan alama ce mai ƙarfi ƙwarai. Jinin da ke tafiyar hawainiya kuma yana iya daskarewa ya toshe jijiyar, wannan ma ana ganinsa.

Na huɗu saifa. Tun da jininta ta ƙofar hanta yake fita, idan ƙofa ta matse sai ta cika ta kumbura. Tsawonta a babban mutum bai kamata ya wuce santimita 12 zuwa 13 ba. Kumburarriyar saifa tana tsare ƙwayoyin nan da ke daskarar da jini, shi ya sa adadinsu a takardar gwaji ya kan faɗo ƙasa da 150,000. Likita ya kan haɗa waɗannan biyun ya karanta su tare.

Na biyar su ne hanyoyin fasa-ƙwaurin da kansu, kuma ganinsu shi ne shaidar da ta fi kowace. Akwai tsohuwar hanyar cibiya, wadda jini ke bi daga mabiyiya ya shiga jikin ɗan tayi. Bayan haihuwa ta kan rufe ta zama kamar igiya. Idan matsi ya hau, sai ƙananan jijiyoyin da ke bin wannan igiya su buɗe, a ga jini na gudu daga hanta zuwa cibiya. A wasu mutane har a kan ga jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu a fatar ciki. Akwai jijiyar da ke hawa daga tumbi zuwa bututun abinci, wadda in ta faɗaɗa ake zargin jijiyoyin sama sun kumbura. Akwai kuma waɗanda ke nannaɗe tsakanin saifa da ƙodar hagu kamar tarin tana.

Na shida ruwa a ciki. Kafin likita ya gane ruwa da hannunsa sai ya kai wajen lita ɗaya da rabi. Sikanin kuwa yana ganin abin da bai kai cikin kofin shayi ba, ya fito baƙi ƙirin a kewayen hanta ko a ƙasan mara. Sau da yawa a kan ga bangon maɗaciya ma ya yi kauri.

Tsargiya da taron Yamai

Tsargiyar da aka fi sani ita ce mai sa yara fitsarin jini. Amma tana da 'yar'uwa wadda ke zama a jijiyoyin hanji, ita ma daga katantanwar ruwa ake ɗaukarta, wajen wanka a tafki ko kamun kifi ko noman rani. Ƙwayayenta na bin jini su hau jijiyar ƙofa su maƙale a rassanta, jiki ya yi ta naɗe su da tabo har rassan su yi kauri. Wani likita mai suna Symmers ya bayyana wannan a Masar a 1904, ya kwatanta shi da a ce an soka bututun lofe na yumɓu da yawa cikin hanta. A sikanin ana ganin fararen zobba da fararen layuka masu kauri sun kewaye rassan jijiyar.

Wannan nau'i yana da yaudara. Tsokar hantar ba ta lalace ba, saboda haka mutum na da ƙarfinsa, idonsa fari, gwajin jinin hanta kusan daidai, amma saifa ta yi girma kuma jijiyoyi sun kumbura. Likitocin da suka yi aiki a gonakin Jazira na Sudan cikin shekarun 1980 sun nuna cewa sikanin na gane shi sarai ba sai an tsaga ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Alƙahira a 1990, sa'an nan a Yamai ta Jamhuriyar Nijar a 1996, inda aka tsara yadda za a riƙa dubawa da aunawa iri ɗaya a ko'ina, aka jera siffofin tabon hawa-hawa daga A zuwa F. Har yau da sunan Yamai ake kiran wannan tsari. Saboda haka masunci da manomin fadama da mai aikin shinkafa a bakin madatsar ruwa, in ya je hoto, ya gaya wa likita sana'arsa.

Bayan sikanin

Akwai wata na'ura da aka ƙera a Faransa, FibroScan, wadda ta fito a farkon shekarun 2000. Ita ba hoto take ɗauka ba, taurin hanta take aunawa. Ana ɗora ta tsakanin haƙarƙari ta ɗan buga, ta auna saurin girgizar cikin hanta, kamar yadda mai sayen kankana ke ƙwanƙwasa ta ya san abin da ke ciki. Lafiyayyiyar hanta na ba da wajen kilofaskal 5. Masana wannan ciwo suna da wani taro da suka fara a garin Baveno na Italiya a 1990. A zamansu na 2015 sun daidaita a kan cewa wanda taurin hantarsa bai kai 20 ba, kuma ƙwayoyin daskarar da jininsa sun haura 150,000, ana iya ɗaga masa leƙen tumbi a wannan shekara. A na 2021 suka ƙara da cewa daga 25 zuwa sama a ɗauka matsin ya kai na haɗari. Amma fa wannan lissafi na ƙandarewar hanta ne. Mai tabon tsargiya yana iya samun awo ƙasa alhali jijiyoyinsa a kumbure suke.

Hoton siti sikan da na MRI suna nuna hanyoyin bayan fage dalla-dalla kamar taswira, suna kuma tantance ƙari in an ga alamarsa, sai dai suna da tsada kuma sai a manyan asibitoci. Alƙalin ƙarshe game da jijiyoyin bututun abinci kuwa shi ne leƙen tumbi, inda ake zura siririn bututu mai fitila ta baki a gan su ido da ido. Gani ya kori ji.

Iyakar abin da hoto ke faɗa

Wajibi ne mu yi adalci, hoto ba duba ba ne. Ganin alamun nan shaida ce mai ƙarfi, amma rashin ganinsu bai wanke mutum ba. Jijiyar ƙofa na iya komawa faɗinta na dā bayan jini ya sami hanyoyin kewaye. Ƙiba da iskar hanji na rufe wa na'ura ido, shi ya sa ake cewa a zo ba a ci abinci ba na wajen awa shida. Ƙwarewar mai riƙe da na'urar ma tana da muhimmanci ƙwarai. Haka kuma ba kowace babbar saifa ce ta hanta ba, domin zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe yana maimaituwa yana kumbura ta, wasu cututtukan jini ma haka. Ruwan ciki na iya zama na tarin fuka ko na ciwon zuciya ko na ƙoda. Saboda haka takardar hoto ba ta karanta kanta. A mai da ita wurin likitan da ya aika, ya haɗa ta da gwajin jini da abin da ya gani da idonsa.

Abin yi

Amfanin sani tun da wuri shi ne akwai magani. Wajen rabin masu ƙandarewar hanta suna da kumburarrun jijiyoyin nan, kuma cikin waɗanda tasu ta fashe, kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida ba ya wuce mako shida. Amma ƙwayoyi irin su propranolol da carvedilol, waɗanda ba su da tsada sosai, suna rage matsin idan likita ya tsara su. Manyan jijiyoyi kuma ana ɗaure su da 'yan zobban roba ta cikin bututun leƙe, ba tare da an tsaga ciki ba. Ciwon hanta nau'in B ana danne shi da tenofovir, nau'in C ana warkar da shi cikin wajen wata uku, tsargiya kuma praziquantel na kashe ta.

Don haka ga shawararmu. Kowane baligi ya yi gwajin ciwon hanta ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Wanda aka samu da shi ya nemi hoton hanta musamman, ya roƙa a auna jijiyar ƙofa da saifa a kuma duba gudun jini. Wanda aka ce hantarsa ta ƙandare ya riƙa komawa hoto duk wata shida, domin da haka ne ake kama ƙarin hanta tun yana ƙarami. Ya bar giya ɗungurungum. Ya nisanci magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, da haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Mai ruwan ciki ya rage gishiri da ɗunƙulen miya da kanwa. Tsagar da ake yi a gefen hagu don saifa ba ta rage ta, askar da aka yi wa wani aiki da ita ma tana iya kawo wata cutar. Jariri kuma a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Tun 2004 take cikin jerin alluran yara a Nijeriya.

Abu na ƙarshe, wanda muke roƙon matan gida su riƙe shi da kyau: idan mai ciwon hanta ya yi bayan gida baƙi mai yauƙi kamar kwalta, wannan jini ne ya riga ya fara zuba a ciki. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya neman wanda ya yi masa asiri. A kama hanyar asibitin da ke da jini da kayan leƙen tumbi nan take. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun yau iyali su san wane asibiti ne wannan, su kuma san waɗanda za su iya ba da jini a cikinsu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu ita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.